Gaisuwar Suruki a Ƙarƙashin Gwiwar Ɗan Kokawa

Tunda labarin ya riga ya zaga Argungu ta bakin wanda kuka sani, kowa kuma da gishirin da ya ƙara masa, gara ku ji shi daga bakin mai abin. Buhun shanshera ne a fadama. Yaran da ke loda mana suka ce sai an ƙara musu kuɗi, na ce shi buhun nawa yake, na sunkuya, ƙuguna ya ce ƙas. A kan amalanke aka dawo da ni gida tare da shinkafar. Daga nan salla a zaune, atishawa kuwa sai na dafa bango.

Uwargida ta yi nata ƙoƙarin, ruwan zafi da tsumma, ga man zafi har idona na yaji. Ta sa autanmu ya hau bayana ya tattaka, yaro ya ɗauka filin wasa aka ba shi ya fara tsalle. Ana cikin haka taubashina ya yi sallama.

Ba sai na faɗi sunansa ba. Shi ne dai wanda ya taɓa yin gadi a wani otal a Abuja, ya dawo yana cewa "mu can Abuja" ko da maganar farashin gawayi ake yi. Otal ɗin yana da ɗakin tausa, kujerar gadinsa kuma tana kallon allon da aka rubuta ire-iren tausar da kuɗin kowace. Bai taɓa shiga ɗakin ba, amma allon ya haddace shi tas, abin da ya rage kuma ya cike da waya. Ya dube ni a kwance ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya, Tsoho ne kaɗai zai sauke ta. Ya karɓi kuɗin mai, ya ɗora ni bayan kabu-kabunsa, kuma na rantse da gangan ya bi ta duk wani rami da ke tsakanin gidana da bayan kasuwa.

Tsoho kun san shi. A zamaninsa idan aka zo kokawar bikin kamun kifi, masu kiɗa ba sa gajiya da kiran sunansa. Yanzu gemu ya yi fari amma hannuwan suna nan yadda suke. Zaurensa ba ƙyaure, yana kallon hanyar kasuwa, tabarma ɗaya, benci ɗaya, da kwanon man kaɗe. In faɗi gaskiyarsa, bai taɓa ni ba sai da ya bi ƙashin bayana da yatsa gaɓa-gaɓa, ya tambaya ko faɗuwa na yi, ko ƙafa tana mutuwa, ko akwai zazzaɓi.

"In karaya ta, ba ni taɓawa, sai mai ɗori ko asibiti," in ji shi. "Wagga jijiya ta. Kwaɓe riga."

Na kwaɓe riga. Ya ce wando ma. Sai ga ni da wani tsohon gajeren wandon ƙwallo wanda ban san ranar za ta zo da za a gan shi a bainar jama'a ba.

Farkon abin daɗi ne, kada in ci hakkin dattijo. Ya lakaci man kaɗe ya murza a tafinsa har ya narke, ya riƙa shafa mai tsawo daga ƙugu zuwa kafaɗa, yana dawowa a hankali. Har na fara lumshe ido. Taubashi ya gyara zama a benci ya ce wannan a Abuja shi ake kira na Suwidin, shi ne mafi arha a allo, na masu tsoro. Ya zaro waya ya karanta wa zaure cewa wani Ling ne ake jingina wa shi, wanda ya buɗe makarantar motsa jiki a birnin Stockholm a 1813, amma wani likita ɗan ƙasar Holan, Mezger, shi ya tsara salon hannun ya raɗa musu sunayen Faransanci. Tsoho bai ɗaga kai ba, ya ce shi dai wurin kakansa ya gani.

Sai ya kafa babban yatsa a wani wuri gefen ƙashin baya ya danna ya tsaya. Na ji abin har cikin haƙorina. Taubashi ya ce yauwa, an shiga Japan, wannan shiyatsu ne, dannawa da yatsa, su can ko riga ba a cirewa. Na ce to me ya sa ni aka cire mini? Ba wanda ya amsa. Da gwiwar hannu ta shigo aiki taubashi ya ce wannan shi ne mai shiga can cikin tsoka, manyan mutane ke biyansa, kuma sai an kwana biyu jiki na tsami. Ya ƙara da cewa akwai na duwatsu, baƙaƙen duwatsu masu santsi da ake ɗumamawa a ruwan zafi a jera wa mutum a gadon baya. Na ga Tsoho ya ɗan dakata ya kalli murhun mai ƙosai da ke ƙofar zaure, na yi maza na ce a bar maganar duwatsu don Allah.

Zuwa lokacin ƙofa ta fara tara mutane. Wata yarinya mai tallan gyaɗa ta sauke farantinta, almajirai biyu sun jingina da bango, wani mai gyaran takalmi ya daina buga akwatinsa.

Tsoho ya ce in kwanta rubda ciki sosai. Ya hau, ya kafa gwiwarsa a ƙuguna, ya kama hannayena biyu ya ja su baya har ƙirjina ya bar tabarma, fuskata ta ɗago tana kallon ƙofa. Taubashi ya miƙe tsaye don murna. Ya ce wannan shi ne na Tailan, mafi tsada a allo, wanda ake lanƙwasa mutum da gwiwa da ƙafa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2019, shekarar da aka rufe boda. Wato ƙasar da shinkafarta ta daɗe tana karya mana kasuwa, yau kuma da sunanta ake karya mini baya.

A daidai wannan yanayin, hannaye a baya, ƙirji a sama, baki a buɗe, man kaɗe na ƙyalli, ina ta mutsu-mutsu kamar giwan ruwan da aka juye daga homa, aka yi sallama. Muryar na san ta. Sandar na san ta. Surukina ne, ya zo a duba masa gwiwa.

Ku da kuka san Baba kun san abin da nake nufi. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na hango shi a hanya sauka nake daga babur tun daga nesa in durƙusa. Yau ga ni, durƙuson ma ba hali, don na riga na wuce durƙuso. Na ce wa Tsoho a hankali ya sake ni. Ya ce, "In an saki jijiya tsakiyar aiki komawa takai." Ya ƙara ja.

Da Baba ya juya ya fita, da an rufa wa juna asiri. Da ya yi dariya ma da sauƙi. Ina! Ya cire takalmi, ya zauna a benci, ya jingine sanda, ya kafa idonsa kan azarar rufi, ya fara gaisuwa. Shi kuma mutum ne da bai taɓa gutsure gaisuwa ba a rayuwarsa.

"Malam, an wuni lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Hawaye na bin kumatuna, wani ƙato na zaune a bayana, amma ba gajiya.

"Ina iyali? Ina yaran? Ina aikin hwadama?"

"Da godiya, Baba." Muryar ta fito siririya, ni kaina ban gane ta ba. Yarinyar gyaɗa ta rufe baki da mayafi.

"To madalla. Ya ƙarhin jiki?"

Na buɗe baki zan ce da sauƙi. Na ma fara, "da sau" ta fita. Sai Tsoho ya zaɓi wannan daƙiƙar ya murɗa ni gefe guda, wani abu ya ce ƙaras a ƙuguna, abin da ya fito daga bakina, da ƙarfin da mai ƙosai sai da ta waiwayo, shi ne: "Wayyo Inna!"

Zaure ya yi tsit. Ni mai 'ya'ya, mai furfura a gemu, wanda ake kira Malam. Baba bai sauke ido daga azara ba. Ya gyara zaman hularsa, ya ce cikin natsuwa, "Lahiya lau take. Na wuce ta ƙohwar gida ɗazu tana shanya."

Ya ɗauke ta a matsayin tambaya. Ya amsa. Ya ci gaba: "Ina labari?" Ni kuma, Allah shaida, na ce, "Sai alheri."

Wannan "sai alheri" ita ke tashe ni da dare. Ihun zan iya cewa zafi ne ya fitar da shi. Amma sai alheri da hankalina na faɗe ta, fuska a tabarma, wandon ƙwallo ya zame gefe guda, taubashi ya fita waje yana riƙe da ciki yana tari wai ƙura ce ta shaƙe shi. Ba a nan ta tsaya ba. Da Tsoho ya gama da ni na kasa tashi nan take, kuma ko na iya ba zan tafi in bar Baba ba, sai na ja rigata na rufe abin da ya rufu na rakuɓe a lungu. Aka naɗe wa Baba wando zuwa gwiwa, hannun nan dai da ya sa ni kiran uwata ya kama gwiwar dattijo ya murza, ya danna, ya ja. Baba ya ɓare goro ya jefa a baki yana tambayar Tsoho farashin taki. Ko uhm bai ce ba.

Ɗaya daga cikin almajiran nan kuma ashe ya ruga gidanmu ya ce wa Inna ana kiranta a zauren Tsoho. Ta aiko shi ya ce mini tana aiki, in na gama in biyo.

Abin haushin shi ne daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin girbi. Washegari jiki ya yi tsami ko'ina, bayan nan kuma sai ga ni ina ruku'u. Ƙanwar uwargida da ke karatun gashin ƙashi a Sakkwato ta zo hutu, na ba ta labarin ban da sashen Inna, wanda ashe ta riga ta ji. Ta ce tausa gaskiya ce tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana rage ciwon baya na ɗan lokaci, tana kwantar da hankali har mutum ya samu barci. Amma ta ce irin wannan ciwon ƙugun yawancinsa da kansa yake lafawa cikin mako shida, in mutum ya riƙa ɗan takawa bai lafke a gado ba, kuma ba dole sai an yi ihu ba kafin ta yi aiki. Ta yaba wa tambayoyin da Tsoho ya yi tun farko, ta ƙara nata: ba a tausa kan rauni ko kumburi mai zafi, kuma in sha-raɓa ta kumbura tana ciwo kada a kuskura a murza, don yana iya zama gudan jini ne, in ya ɓalle huhu yake nufa. Mai ciwon da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko fitsari na ƙwace masa, asibiti kai tsaye. Maganar jijiya ta hau kan jijiya kuwa dariya kawai ta yi.

Na kai wa taubashi wannan bayani don in rage masa baki, ya ce yarinya ce, ba ta taɓa zuwa Abuja ba.

Shi fa mutumin nan ba yau ya fara ba. Shi ne ya ari cajata lokacin bikin ƙanensa ya dawo mini da wata wadda sai an ɗaure ta da ƙyauro. Shi ne ya ce ya san mai ragon Layya mai sauƙi a Jega, muka je muka tarar mutumin ya koma sayar da albasa. Har yau gardama muke kan wa ke bin wani kuɗin shara, alhali duk dangi sun san amsar. Yanzu yana rantsuwa bai naɗi komai a waya ba, hoto kawai yake dubawa. To in bai naɗa ba, ya aka yi teburin mai shayin bakin tasha duk wanda shayi ya ƙona wa harshe sai ya ce wayyo Inna, sauran su amsa lahiya lau take? Da irin muryata fa, har da inda ta karye. Mai shayin ma da nake ganin mutumin kirki ne, jiya ya miƙo mini kofi yana tambayata na Suwidin zai haɗa mini ko na Tailan.

Baba dai bai taɓa tayar da maganar ba. Ya aiko ƙaramin jikansa da kwalbar man kaɗe a ba uwargida, ba saƙo, ba komai. Kuɗin man babur kuwa dubu biyu na ba wancan taubashin nawa, daga gidana zuwa bayan kasuwa, tafiyar da yaro ke yi a ƙasa. Ya ce canjin yana wurinsa, in tuna masa ran Juma'a.