Resilin ai labari ne tsararre

Malam, ka ce resilin ƙarya ce, to ai masu shirya shi su kansu ba su ɓoye ba, tun 1989 kamfanin resilin na Vince McMahon ya faɗa wa hukumomin jihar New Jersey ta Amurka cewa nishaɗi ne kawai. Marubuta ke tsara waye jarumi waye mugu, wa zai ci amanar abokinsa, kamar fim mai dogon zango. Dubi ɗan resilin Undertaker, sau 21 a jere yana cin wasansa a WrestleMania, babban bikin resilin na shekara-shekara, kwatsam a 2014 aka ba Brock Lesnar ya kayar da shi, wallahi 'yan gidan kallo a Tudun Wada har yau wasu ba su huce ba. Amma faɗowar da 'yan wasan ke yi daga kan tsani kam da gaske ne, ƙashi na karyewa. Mai son gasa zalla ya nufi filin dambe.