Gidan rediyon da aka haifa a fagen yaƙi

Duk wanda ya tashi a gidan da uba ke gama jin labaran gwamnati sannan ya murɗa akwati zuwa gajeren zango yana laluben BBC ko Jamus, zai gane abin da ya sa tarihin gidan rediyon ƙasar Sifaniya, Radio Nacional de España, ya tsaya mini a rai.

Ranar 19 ga Janairun 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, ɓangaren Janar Franco (wanda ya ci yaƙin ya mulki ƙasar) ya buɗe shi a garin Salamanca, da na'urar Telefunken da Jamus ta zamanin Hitila ta ba su. Ta wannan gidan rediyon aka karanta sanarwar ƙarewar yaƙi ranar 1 ga Afrilun 1939. A Oktoban shekarar aka kafa doka: gidajen rediyo masu zaman kansu ba su da ikon ba da labaran ƙasa ko na duniya, idan lokaci ya yi sai kowa ya jona da na gwamnati. Mutane suka riƙa kiran labaran "el parte", wato rahoton fagen daga, alhali an daɗe da daina harbi. Shekara 38 ana haka, sai a 1977 aka soke dokar.

To me aka samu? Da daddare magidanci ya rufe tagogi, ya rage murya, ya kafa kunne jikin akwati yana neman La Pirenaica, tashar 'yan kwaminis da ta fara daga Mosko a 1941, daga baya ta koma Bukares, babban birnin Romaniya. Ita ma farfaganda take yi, ban wanke ta ba. Amma wanda aka tilasta wa murya ɗaya, ko gaskiya ta faɗa masa ba zai yarda ba. Wannan ita ce asarar da masu mulki ba sa lissafawa.

Ranar 23 ga Fabrairun 1981 Laftanar Kanar Tejero ya kutsa majalisar Sifaniya da bindiga a yunƙurin juyin mulki, sojoji suka shiga gidan rediyon ƙasa aka sa kiɗan soja. Mu a Najeriya mun san wannan kiɗan, mun san yadda gaba ke faɗuwa. Tashar Cadena SER mai zaman kanta ce ta jiyar da jama'a harbin kai tsaye, aka kwana riƙe da ƙananan rediyo. Da dokar 1939 tana nan fa?

Ba rushe rediyon gwamnati nake kira a yi ba, wallahi ina son sa. A Oktoban 2014 aka kashe gajeren zangon sashen ƙetare na rediyon ƙasar Sifaniya don rage kuɗi. Masunta da ke tsakiyar teku da 'yan mishan da ke ƙauyukan Afirka suka yi ta kuka, don ba su da intanet, ita ce muryar gida. Kafin Disamba ta ƙare aka mayar musu.