Labarin zaɓe daga bakin wanda ba ya cin abinci da siyasa

Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da zaɓe ya ƙarato shi ne inda muke samo labarin da muke dangwala ƙuri'a da shi. Ka kunna rediyo da daddare, sojojin baka ne, an saya wa kowa fili ya zo ya wanke ubangidansa ya shafa wa abokin hamayya kashin kaji. Ka leƙa Facebook, yaran 'yan siyasa ne da aka saka wa data. A WhatsApp kuwa muryar wani ce da ba a san sunansa ba, tana yawo daga waya zuwa waya ana rantsuwa da ita. Ba na ganin laifin sojan baka, sana'arsa yake yi. Amma wanda tukunyar gidansa ke hannun ɗan takara ba shi ne zai gaya maka gaskiyar ɗan takarar ba.

Kuma wallahi akwai wuraren da za a samu bayanin da ba na kowace jam'iyya ba, mu ne ba ma zuwa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa INEC ta kafe takardun kowane ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana 7 da karɓarsu: takardar rantsuwar da ya yi, shekarunsa, shaidar karatun da ya ce ya yi. Ta kuma ba kowane ɗan ƙasa damar ya biya kuɗin da aka ƙayyade a ba shi kwafi. Sai mu bari mutum ya hau kujera, sannan a fara cece-kuce a kan takardun makarantarsa, alhali an liƙa su a bango tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Inda na fi so mu tsaya shi ne rumfar zaɓe. Akwai rumfuna 176,846 a Najeriya, kuma a kowace ɗaya, bayan an ƙirga ƙuri'a da ƙarfi a gaban mutane, jami'in zaɓe zai cike fom ɗin da ake kira EC8A. Takarda ce guda: adadin masu rajista, adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, ƙuri'un da suka lalace, sannan sunan kowace jam'iyya da abin da ta samu a gabansa, da lamba da kuma kalmomi. Ejan-ejan su sa hannu, a ba su kwafi, a liƙa sakamakon a wurin, a ɗauki hoton fom ɗin a tura shafin IReV inda duk mai waya zai iya gani. Wannan takardar ita ce asalin zaɓe, duk abin da za a faɗa a Abuja daga jikinta ya kamata ya fito. Mun san abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa suka yanke ƙauna. Raina ya ɓaci a ranar kamar na kowa. Sai dai abin da na ɗauka daga wurin shi ne kada a bar takardar a hannun hukuma ita kaɗai. In ka jefa ƙuri'arka, ka jira a ƙirga, ka ɗauki hoton abin da aka liƙa, ka ajiye. Irin aikin da ƙungiyar Yiaga Africa take yi ke nan da 'yan sa-idonta, kuma da shi ne ta iya fitowa ta ce alƙaluman da aka bayyana a Ribas da Imo ba su yi daidai da abin da mutanenta suka gani a rumfuna ba.

A zaɓen nan na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin 100. Tun 1999 ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin wannan ba a zaɓen shugaban ƙasa. Na san dalilin da ake bayarwa, wai ko ka zaɓa ba ta canja zani. To amma rumfar da mutanenta suka watse tun azahar ita ce ta fi sauƙin murɗewa.

Bayan an rantsar da su ma aikin bai ƙare ba. Shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bin ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi, ka ga an rubuta ajujuwa ko rijiyar burtsatse a garinku da kuɗin da aka ware, ka taka ƙafa ka je ka ga ko an dasa ko da bulo ɗaya. Kason da kowace ƙaramar hukuma cikin 774 take samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar da ka rubuta wa kwana 7 ta amsa maka. In kuma wani bidiyo ya tayar da ƙura, shafin tantance labarai mai suna Dubawa da irinsa suna bin diddigi su faɗi ko tsoho ne aka sake yaɗawa.

Matsalar da ta fi damuna ita ce yawancin waɗannan bayanai da Turanci suke, a intanet, kuma iyayenmu mata da dattawan karkara da suka fi kowa jure layi a rana su ne ba sa kaiwa gare su. Nan nauyi ya hau kan ɗalibai da malaman makaranta da duk wanda Allah Ya ba karatun boko. Ka buɗe kasafin mazaɓarku, ka karanta wa 'yan majalisar hirarku da Hausa bayan la'asar, ka tura wa mahaifiyarka da ƙannenka saƙon murya. Kada ka gaya musu wanda za su zaɓa, ko da kana da naka gwanin. Ka gaya musu nawa aka ware, wa ya karɓa, me aka gina, su yanke hukunci da kansu.