Sabon nas a Amurka: ga lasisi a hannu, ga ƙofar asibiti a rufe

An daɗe ana cewa Amurka na fama da ƙarancin ma'aikatan jinya. Amma ka tambayi matashiyar da ta ci jarrabawar NCLEX-PN, wato jarrabawar samun lasisin ƙaramar nas, a Kalifoniya watannin baya, ta karɓi lasisinta, ta yi ta tura takardun neman aiki ta intanet har ta gaji. Amsar da take samu ba ta wuce ɗaya: mai gogewar shekara guda muke nema. Wani lokacin ko amsar ma babu.

Irin waɗannan nas-nas ana kiransu LVN a jihohin Kalifoniya da Teksas, sauran jihohi kuwa LPN suke cewa. Karatunsu shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma ba na wasa ba ne. A Kalifoniya sai ɗalibi ya cika sa'o'i 1,530, daga ciki 954 na koyon aiki ne a aikace. Su ne masu gwada hawan jini, su ba da magani, su yi allura, su wanke ciwo su ɗaure, su sa robar fitsari, duka a ƙarƙashin kulawar likita ko babbar nas mai lasisin RN.

A ganina ƙarancin da ake ta kuka a kai na gogaggu ne. Sabon nas kuɗi yake ci kafin ya fara amfani: sai an haɗa shi da tsohon hannu na makonni, ana biyan albashi biyu a kan aikin mutum ɗaya. Kowane asibiti so yake wani ya ɗauki wannan nauyin, shi kuma ya zo ya kwashi wanda ya riga ya ƙware. To, idan kowa ya ce sai an dafa zai ci, wa zai hura wutar?

A 2010 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ba da shawarar kashi 80 cikin ɗari na nas-nas su zama masu digiri nan da 2020. Manyan asibitoci suka karkata ga masu digiri, LVN da ba shi da digiri ya koma gefe. Amma kada asibitoci su laɓe a bayan doka, su ce ita ta hana su ɗaukar LVN. Dokar Kalifoniya da ta ƙayyade yawan majinyatan da nas ɗaya zai kula da su, wadda ta fara aiki a 2004, ta yarda LVN su kai rabin nas-nas ɗin da ake ƙirgawa a ɗakunan jinya da dama. Kuma da annobar korona ta matsa, asibitoci da yawa sun waiwayi LVN ɗin da suka juya wa baya, aiki kuma ya tafi daidai.

Inda aikin yake da gaske shi ne gidajen kula da tsofaffi da jinyar gida-gida. Aiki ne mai daraja, ban ga dalilin raina shi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jefa sabon shiga a ciki. Bayan 'yan kwanaki na nuna masa wuri, sai ka same shi da daddare yana tura keken magunguna, tsofaffi ashirin ko talatin na wuyansa, wannan mai ciwon suga ne da ke jiran allurar insulin, wancan ya zame a banɗaki, ga waya na ƙara, babu wani babba kusa da zai tambaya. Kuskure ɗaya na iya cutar da dattijo, ya kuma tafi da lasisin da aka sha wuya a kansa.

Makarantu ma suna da nasu kason. Kwalejojin gwamnati na da sauƙin kuɗi amma gurbinsu kaɗan ne, shi ya sa da yawa ke faɗawa makarantun kuɗi, inda karatun kan haura dala 30,000, galibi da bashi. Tallarsu kullum ita ce aiki na jiranka. A 2015 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta ci tarar kamfanin Corinthian, mai irin waɗannan makarantun kuɗi, kusan dala miliyan 30 saboda ƙarya a alƙaluman ɗalibansa da suka sami aiki, kamfanin kuma ya durƙushe a shekarar.

Hukumar da ke ba LVN lasisi a Kalifoniya tana wallafa yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci jarrabawa. Ya kamata ta ƙara da yawan waɗanda suka sami aikin jinya cikin wata shida, domin mai shirin cin bashi ya gani tun kafin ya sa hannu. Asibitocin da ke da shirin horar da sababbin RN da albashi kuwa, su ware wa LVN gurabe a ciki, tun da ɗalibai ne da suka riga suka yi musu hidima kyauta lokacin koyon aiki.