Ku bar Sani Kaita ya huta haka nan

To an gode muku. Waɗanda suka cika bakin fili a Tudun Wada ranar Lahadi suna ihun "Kaita! Kaita!" don alƙali ya ɗaga wa yaron nan mai lamba shida jan kati, Allah ya ƙara basira. Da masu yaɗa bidiyon suna haɗa shi da hoton mutumin, ku ma sannunku da aiki. Abin da ya fi ba ni haushi, rabin masu ihun ko yaye su ba a yi ba a 2010. Gadon zagi kawai suka ci daga yayyensu.

Mutum ya yi shekaru yana tare gaban masu tsaron baya, yana ƙwato ƙwallo, yana shan duka a ƙauri don wasu su ci su yi suna, amma duk abin da kuka riƙe minti na 33 ne a wasan Najeriya da Girka na kofin duniya na 2010, lokacin da aka ba Kaita jan kati. Shi ke nan tarihinsa a wurinku.

Na san me za ku ce. "Ai muna gaba da ci ɗaya, shi ya jawo mana." E, Kalu Uche ya ci da bugun tazara, Kaita ya kai wa ɗan wasan Girka Torosidis ƙafa a wajen layi, aka kore shi, aka ci mu 2-1. Ba wanda ya ce ya kyauta. To amma ƙwallo ta biyu fa? Daga hannun golanmu Enyeama ta kuɓuce kafin Torosidis ya tura ta raga, kuma har gobe Enyeama gwarzo ne a bakinku, haka kuma ya kamata. Wasan Koriya ta Kudu a Durban fa, da Yakubu ya tsaya gaban raga ba gola ba kowa ya buga waje? An tashi 2-2. Da mun ci wasan nan da mun wuce zagaye na biyu duk da jan katin. Ku je ku yi lissafin da kanku, ni ba malamin firamare ba ne.

Wanda kuke mayar da sunansa abin tsokana, daga Kano Pillars ya taso. Yana cikin yaran koci Siasia da suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda sai da Messi ya ci fanareti biyu kafin Ajantina ta ɗauki kofin. Daga nan Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 ya dawo da azurfar Olamfik daga Beijin, nan ma Ajantina ce, ƙwallo ɗaya tal ta Di Maria. Monaco ta saye shi, ya buga aro a Rasha. Wasan ƙarshe biyu na duniya sanye da rigar Najeriya. Kai da kake ihu, wasan ƙarshe nawa ka buga, ko na gasar unguwa?

Wallahi maganar gaskiya, abin na taɓa ni. Ku tuna yadda ya fita filin nan ya ja riga ya rufe fuska. Ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa, aka saka masa da saƙonnin barazanar kisa. Kan ƙwallo! Tauraronsa bai ƙara haskawa kamar da ba, ya yi ta yawo daga wannan kulob zuwa wancan, ya dawo gida ya buga, har Finland ya kai kafin ya rataye takalmi. Beckham ya harbi Simeone a 1998 aka kore shi, Ingila ta zage shi son ranta, daga baya ta ɗaura masa kambun kyaftin. Zidane ya tunkuyi Materazzi a wasan ƙarshe na 2006, har mutum-mutumin tunkuyin aka ƙera. Namu kuwa ko ɗan shekara sha biyar aka kora a filin ƙura, sunansa za a kira.

Kada wani ya zo min da "wasa ne kawai, raha ce". Yaron ranar Lahadi a bayan katanga ya zauna yana kuka, takalminsa ɗaya a hannu, ƙaninsa na tsaye riƙe da ledar ruwa ya rasa me zai ce masa. Yanzu sunan ya bi shi har Islamiyya. Raha ke nan?