Kafin a ce injin disket ya mutu, a buɗe shi tukuna

Yau ina da ƙorafi a kan masu gyaran kwamfuta na garin nan Kaduna, musamman matasa. Duk abin da aka ɗora muku a kan tebur, maganarku ɗaya ce: "Oga, sai dai a canza." A wayar hannu kuna da hujja, tunda an liƙe komai da gam. Amma idan tsohuwar kwamfutar gida ce ta shekarun 1980, wadda ke cin disket, wato faifan ajiye bayanai na da, wannan amsar lalaci ce kawai. Yawancin injinan disket da ake cewa sun mutu, datti ne da busasshen giris da ruɓaɓɓen bel ke damun su.

Wani maƙwabcina a Unguwar Sarki ya tono kwamfutar marigayi mahaifinsa daga cikin adaka, Amstrad CPC 6128, wadda ta fito a Ingila a 1985. Tsohon ya taho da ita ne lokacin da ya gama karatu a can. Tare da ita akwai kwali cike da disket, da rubutun hannunsa a jikin kowanne. Kwamfutar ta kama, allo ya kawo, amma duk disket ɗin da aka zura sai ta ce "disc missing", wato ba ta ga komai ba. Yaron da ya fara kai wa ya ce injin ya ƙone. Ko sukuru ɗaya bai kwance ba.

Abin da yaron bai sani ba, disket ɗin Amstrad mai inci 3 ne, ba mai inci 3.5 da muka saba da shi a wuraren buga takardu ba. Ba za ka shiga Kasuwar Gumi ka sayo injin da zai karanta shi ba. Wannan injin da ke cikin kwamfutar shi ne kaɗai mabuɗin kwalin nan. Idan aka jefar da shi, an jefar da duk abin da marigayin ya rubuta.

Aikin injin ba wani sihiri ba ne. A cikin disket akwai faifan leda mai maganaɗisu. Ƙaramar motar lantarki ɗaya tana juya shi sau 300 a minti. Wata motar kuma tana tura hed, wato kan da ke karatu, taki-taki a kan siririn ƙarfe, daga wannan layi zuwa wancan. Akwai ɗan abin da ke shaida wa injin cewa hed ya dawo layin farko, akwai kuma wanda ke ƙirga zagayen faifai. Idan faifan bai juya ba, kwamfutar za ta ɗauka babu disket a ciki. A injin Amstrad, bel na roba ne ke haɗa mota da faifan, kuma roba ba ta shekara arba'in tana nan yadda take, balle a zafinmu.

Na ce masa mu bar masu kwamfuta mu tafi Tudun Wada wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da kaset. Baba ya juya injin a hannunsa, ya kanga kunne, ya ce a kunna. Mota tana kuka, faifai tsaye cik.

"Malam, wannan ai bel ne," in ji shi. "Ba ka ji motar tana gudu ita kaɗai ba?"

Da ya ɗaga allon wayoyin da ke ƙasan injin, ba mu tarar da bel ba ma. Ya narke ya koma baƙin danƙo kamar kwalta, ya manne a jikin ƙafafun da yake zagayawa. Baba ya ɗauki auduga da sifirit ya yi ta kankarewa a hankali har ƙarfen ya yi ƙyalli, don idan ka bar ko ɗigo, sabon bel zai riƙa santsi ko ya riƙa sarƙewa. Na ce, "Baba, a juya shi mana a ga ɗaya gefen." Ya riƙe min hannu. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe siriri, bai kai tsinken ashana ba, wanda ke gane ko an kulle disket daga rubutu. Idan aka kifa injin alhali allon yana ɗage, sai ya zame ya faɗi, kuma daga nan kwamfutar za ta riƙa karatu amma ta ƙi ajiye komai. Baba bai taɓa ganin Amstrad ba a rayuwarsa. Ya hango ƙarfen yana lilo ne, hannun da ya saba ya gane cewa ba a ɗaure yake ba.

Bel kuma ba kowanne ba. Dole ya zama mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, daidai awo. Robar ɗaure kuɗi za ta juya faifan, amma gudun ba zai tsaya daidai ba, kuma da gudu ya kauce daga 300 karatu ya rikice.

Sauran aikin haƙuri ne. A goge hed da auduga da sifirit mai kyau, ba tare da dannawa ba. A share tsohon giris da ya daskare da ƙurar hunturu a kan ƙarfen da hed ke bi, a sa sabo ɗan kaɗan. Man inji ko fetur ba su da wuri a nan. A duba wuta ma: ita 6128 daga allonta na kallo take samun bolt 5 da bolt 12, kuma injin disket ba zai motsa ba idan wayar bolt 12 ba ta shiga ba. Wanda tasa daga Amurka ta zo kuwa, ya tuna wutarsu rabin tamu ce, kada ya soka ta a bango kai tsaye.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne sukurorin da ke riƙe da motar hed. Sau da yawa za ka ga an ɗiga musu jan fenti daga kamfani. Fentin nan kashedi ne. Disket mai inci 3.5 yana da layuka 80 a kowace fuska, a ɗan fili da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ka sassauta sukuru ɗaya, hed ya goce da kaurin gashi, shi ke nan: injin zai karanta abin da shi ya rubuta yau, amma tsofaffin disket sun zame masa baƙi. Mayar da shi daidai sai da disket na awo da na'urar duba sigina. Masu tsohuwar kwamfutar Commodore 64 sun sha wannan wahalar da injinsu 1541, wanda ke buga hed a jikin maƙura, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har saitin ya goce da kansa. Wanda bai goce ba, don me za ka gotar da shi da hannunka?

Sannan ba kullum laifin injin ba ne. Damina a Kaduna tana sa disket ya yi funfuna. Ka ja murfin ƙarfen ka haska faifan. Idan ka ga fari-fari ko tabo, kada ka zura shi. Zai shafa wa hed datti, hed ɗin kuma ya karce disket na gaba. Gwaji da disket marar amfani ake fara shi, ba da wanda ke ɗauke da takardun gado ba.

Na san abin da wasu za su ce: a sa Gotek mana. Wata 'yar na'ura ce da ake sawa a gurbin injin, tana karanta filasha, kwamfutar kuma ta ɗauka disket ne. Ba na faɗa da ita. Wanda wasanni kawai yake so, ita ta fi masa sauƙi, tunda kamfanin Sony ma ya daina yin disket tun 2011, kuma ko gwamnatin Japan da ta daɗe tana riƙe da shi ta sallame shi a 2024. Amma Gotek ba ta da bakin da za ta ci disket. Wasa kana iya samo shi a intanet. Wasiƙar mahaifinka fa? Injinan zamani masu wayar USB su ma tsarin kwamfutocin ofis kawai suka iya, mai 720KB da mai 1.44MB. Ba su san disket ɗin kwamfutar Amiga mai 880KB ba, balle na Amstrad. Don haka a gyara tsohon injin, a kwashe abin da ke ciki, da na'ura irin Greaseweazle, mai haɗa tsohon inji da kwamfutar zamani, idan an samu, sannan a sa Gotek ɗin in ana so.

Na maƙwabcina dai da aka sa bel aka buga CAT, umarnin nuna abin da ke cikin disket, sunayen fayil suka jero. Wasu disket sun buɗe, wasu funfuna ta riga mu, mun ware su gefe.

Ina da yaƙinin akwai irin waɗannan kwalaye a gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata daga Kawo har Barnawa, kuma 'yan jari-bola kilo suke saye, ba ruwansu da abin da ke ciki. Masu gyaran kaset da suka iya wannan aiki kuwa tsufa suke yi, yaransu duk sun koma gyaran waya. Duk wanda ke da tsohon injin disket a ajiye, mai inci 3 ko 3.5 ko 5.25, ko da ba ya aiki, don Allah ya yi min magana kafin ya miƙa wa mai kura. Ko a cikin matacce ana samun motar da za ta tada wani.