Ɗurin tawada ba laifi ba ne, sayar da ɗuri da sunan sabo ne laifi

Duk wanda ya taɓa sayen ƙaramar firinta ta gida, irin mai aiki da tawadar ruwa, ya san ranar da murna ke komawa ciki. Ranar ita ce wadda tawadar da ta zo da injin ta ƙare, ya shiga shago ya tambayi kuɗin sabon katirij, wato 'yar robar da tawadar ke ciki. A shagunan kayan kwamfuta na titin Emir Yahaya ko na Ahmadu Bello a nan Sakkwato, in ka haɗa kuɗin baƙi da na kala, sau da yawa sai ka tarar ka doshi kuɗin firintar kanta. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 abin ya ƙara ƙamari, domin ba a yin katirij ɗin manyan kamfanonin firinta a Najeriya, da dala ake shigo da su. Wasu daga nan sai su tura firintar ƙarƙashin gado. Wasu su nemi mai ɗuri. Ni ina bayan masu ɗurin, duk da kallon 'yan kwaskwarima da wasu masu shaguna ke yi musu.

A fara da sanin cewa tsadar nan shiryayyen abu ce. Kamfanonin suna karyar da farashin injin ne don su mayar da kuɗinsu a tawada. Shugaban kamfanin HP na lokacin, Enrique Lores, bai ɓoye ba a wata hira da gidan talabijin na CNBC a watan Janairun 2024: ya nuna cewa kowace firinta da suka sayar jari ne suka zuba a kan mai saye, in kuma mai sayen bai yi amfani da tawadarsu ba, jarin bai yi riba ba. Kamar a sayar maka da doki da arha ne, da sharaɗin harawa da dusa a wurin mai dokin kaɗai za ka saya, a farashin da ya ga dama.

Dubi lissafin da kamfanin da kansa ya rubuta a kwali. Katirij baƙi na HP mai lamba 123, wanda ke cikin DeskJet 2130 da ire-irenta, shafi kusan 120 aka ce yana bugawa, na kala kuma kusan 100. Mai lamba 305 da ya zo daga baya shi ma haka. Wannan ƙidaya da shafukan gwaji aka yi ta, ba da hoton biki ko takarda mai cike da tambari ba. Ga shi kuma katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar firinta galibi tawadar somin taɓi ce a cikinsa. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke rubuta furojet, malaminsa yana dawo masa da gyara babi bayan babi, zai ƙarar da katirij guda tun bai kai babi na huɗu ba. A ce masa ya jefar da robar, alhali bakin feshinta, inda tawada ke fitowa zuwa takarda, lafiya lau, ya sayo wata? Da wane kuɗin?

Abin da ka saya da kuɗinka naka ne, kana da ikon ka gyara shi, ka cika shi, ka sake sayar da shi. Ko a ƙasashen da kamfanonin suka fi ƙarfi an kai ruwa rana a kan haka. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Lexmark da wani ƙaramin kamfani mai suna Impression Products, wanda ke sayen tsofaffin katirij yana cikawa yana sayarwa, ta ce da zarar kamfani ya sayar da kaya, ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana mai saye yin yadda ya so da su ba. Kafin nan, a watan Satumban 2016, ɗimbin firintocin HP sun wayi gari suna ƙin katirij ɗin wasu kamfanoni saboda wani tsari da aka dasa a manhajarsu, kuma a 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 10 a kan rashin bayyana wa masu saye wannan ƙa'ida yadda ya kamata. Waɗannan ba dokokin Najeriya ba ne, amma sun isa su nuna cewa mai ɗuri a Mabera ko Runjin Sambo ba ɓarawo ba ne. Wanda ya ɗura tawada a katirij na asali ma yawanci bai faɗa wancan tarkon ba, tun da ɗan guntun lantarkin da ke jikinsa na kamfanin ne. Mai amfani da katirij na wani kamfani daban, in firintarsa tana hawa intanet, shi ya kamata ya kashe sabunta manhaja na kai tsaye.

Sai dai ɗuri sana'a ce, ba kowa ya iya ta ba, kuma mafi yawan ɓarnar da ake ɗora wa tawada daga hannu take. Na tsaya na kalli masu yi da kyau. Mutum zai shimfiɗa tsohuwar jarida, ya ɓare takardar da ke manne a saman katirij, ramuka su bayyana. A ciki soso ne ke riƙe tawadar. Zai zuƙo kaɗan a sirinji, ya soka allurar ta shiga soson ba tare da ta kai ƙasa ba, sannan ya riƙa turawa sannu a hankali, yana dakatawa soson ya sha. Da ya ga tawada ta fara leƙowa a bakin ramin sai ya ja kaɗan baya. Ƙaramin katirij mililita biyu zuwa huɗu kawai yake ɗauka, mai haɗama da ya danna masa sirinji guda cike zai ga tawada tana ɗiga ta ƙasa, ta ɓata takarda, ta jiƙa cikin injin. Na kala ya fi wuyar sha'ani, don ɗaki uku ne a ciki: shuɗi, ja da rawaya. Gwani ba ya dogara da tunaninsa, tsinken sakace yake sokawa a kowane rami ya ga launin da ya fito kafin ya zuba, kuma kowane launi da sirinjinsa. Ɗigon shuɗi ya shiga ɗakin rawaya, shi ke nan, duk fuskar da ka buga sai ta fito kore-kore. In ya gama sai ya ɗan danna bakin katirij a kan tishu mai laima. Layi uku su fito tsaf, aiki ya yi kyau. Ɓangaren nan mai ruwan tagulla kuwa, inda lantarki ke shiga, ba ya barin yatsa ko tawada su taɓa shi.

Akwai wani abu da yawancin masu firinta ba su sani ba, kuma shi ya fi kashe katirij. Irin na HP da Canon da zafi suke aiki. A bayan kowane ɗan ƙaramin rami na bakin feshi akwai abin dumama da ke tafasa tawada cikin ƙiftawar ido, kumfar ta tunkuɗo ɗigo zuwa takarda. Tawadar ce kuma ke sanyaya shi. In ka ci gaba da bugawa bayan rubutu ya fara dishi-dishi, kana cewa bari in ƙarasa shafi goman nan, kana ƙona su ne a bushe, kuma wanda ya ƙone ba ya dawowa ko ka cika katirij ɗin da tawadar kamfani. Saboda haka lokacin ɗuri shi ne da zarar rubutu ya fara kodewa. Bayan ɗurin injin zai ci gaba da cewa babu tawada, don ƙidaya yake yi, ba leƙa cikin robar yake ba. A ƙananan Canon irin su MG2540S, danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye yana sa ta daina ƙorafi ta ci gaba da aiki, amma daga ranar kai ne ma'aunin, idonka ne zai gaya maka.

Kamfanonin suna da tasu gaskiyar, ba zan tauye musu ba. Tawada iri biyu ce: wadda launinta ya narke cikin ruwa, da wadda ƙananan ƙwayoyin launi ke yawo a cikinta. Ta biyun ta fi jure ruwa da rana, ita ce galibi a baƙin katirij na HP da Canon. Tawadar kwalba marar suna da ake cewa tana shiga kowace firinta ba ta san wannan bambanci ba, tana iya toshe baki, kuma hoton da aka buga da ita yana saurin kodewa. Katirij kansa ba a yi shi don ya dawwama ba, bayan 'yan ɗure-ɗure zai gaji. Takardar da za a adana shekaru, kamar yarjejeniyar fili ko hoton da za a sa a firem, ni ba zan buga ta da tawadar da ban san asalinta ba. Amma jarrabawar 'yan Islamiyya, da takardar JAMB da yaro zai riƙe mako guda, da daftarin da malami zai bi da jan biro, ban ga dalilin kashe musu kuɗin asali ba.

A garin nan ma, abin da ya fi tawadar banza illa shi ne zaman banza. Kai firinta wurin mai gyara ka ce tawadar ɗuri ta lalata ta, kafin ya buɗe zai tambaye ka: "Alhaji, wagga firinta yaushe rabonka da ita?" Yawanci amsar ita ce tun kafin azumi. Tawadar ruwa ce, ramukan feshi kuma sun fi gashin kai sirantaka. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya zo da busasshiyar iska da ƙura mai shiga ko'ina. Firintar da aka bari makonni a wannan yanayi bakinta zai bushe ko da tawadar kamfani ce a ciki. Maganin ba tsada: buga shafi ɗaya mai ɗauke da duk launuka ko sau ɗaya a mako, rufe ta da zane, nesanta ta da taga. A kuma kashe ta da maɓallinta, a jira ta gama motsi kafin a zare waya, domin a lokacin ne take mayar da bakin feshi kan murfinsa. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da an kawo a kunna ta ta koma mazauninta. Masu yawan danna umarnin wanke baki su sani shi ma tawada yake sha, ba kaɗan ba.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, ɗuri magani ne na cinikin da aka riga aka yi kuskurensa. Mai buga takardu da yawa, kamar mai makarantar kuɗi ko mai shagon buga takardu a bakin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, firinta mai tanki ta dace da shi. Epson ta fara fitar da irinta a Indunusiya a 2010, ƙasar da mutane suka daɗe suna jona wa firintocinsu tankunan waje, daga baya Canon da HP suka bi sahu. Wato abin da ake zagin masu ɗuri a kai, shi kamfanonin suka dawo suna sayarwa. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103, mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500 a injuna irin su L3110 da L3210. Raba wannan da 120, za ka ga ta tsaya a madadin katirij sama da 37. Kuɗin injin ya fi yawa da farko, kuma bakin feshinta a jikinta yake, in ya toshe gyaran ba wasa ba ne, don haka a nan kam rowar sayen tawadar asali wauta ce, tun da kwalbar ba ta da tsadar katirij. Kada a bari tawada ta sauka ƙasa da layin ƙarshe na tankin, iska za ta shiga bututu. Wanda kuwa sai an yi wata bai buga shafi biyar ba, ko dai ya nemi ƙaramar firintar leza mai aiki da garin tawada da ake kira tona, wadda ba ta bushewa, ko ya haƙura ya riƙa kai wa masu shago. Masu sayen firinta ta hannu da aka shigo da ita daga waje su ma su duba lambar katirij kafin su biya: HP tana raba lambobi bisa yanki, abin da ake kira 123 a nan shi ne 63 a Amurka, 302 a Turai, kuma na wani yanki ba ya aiki a injin wani sai an sauya masa yanki.

Inda nake rabuwa da wasu 'yan kasuwarmu shi ne wurin jabu. Akwai masu tara tsofaffin katirij, su cika, su manna sabon tef a baki, su sa a kwali mai kama da na kamfani, su sayar a farashin sabo ko ƙasa da shi kaɗan. Wannan algus ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ba baƙo ba ne a kunnen Basakkwace. Su ne ke ɓata wa masu ɗuri na gaskiya suna, domin wanda aka cuta sau ɗaya sai ya ɗauka duk ɗuri haka yake. Mai saye yana da 'yar kariya: kwalin HP na asali yana da tambarin tsaro mai sauya kama in an karkata shi, da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya a tantance. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma abin tuhuma ne.

Amma bai kamata nauyin ya tsaya a kan mai saye kaɗai ba. Abin da nake so in gani a shagunan Sakkwato shi ne mai kaya ya ce wa mutum kai tsaye: wannan na kamfani ne, wannan na wani kamfani ne da ya yi kama da shi, wannan kuma ɗuri ne, ga farashin kowanne. Masu ɗurin su ma su riƙa manna 'yar takarda a jikin katirij, su rubuta ranar da suka cika shi da karo na nawa ne, don mai shi ya san lokacin da robar ta kusa gajiya, shi ma mai gyara na gaba ya san abin da aka miƙo masa.